Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: Yaushe Za Mu Canja Filtar Mai?

Darasinmu na wannan karo a kan wani ƙaramin abu ne wanda bai wuce girman gwangwanin madara ba, amma idan ya toshe yakan tsai da tarakta a tsakiyar gona, ko ya bar a-kori-kura cike da kaya a bakin hanya. Wannan abu shi ne matacin mai, wanda makanikai suke kira filta. Mun shirya darasin musamman domin ƙungiyoyin da ke Kongolam da Mai'aduwa da sauran garuruwan ƙasar Daura, amma kowace ƙungiya mai mota, ko tarakta, ko injin niƙa, ko injin ban ruwa za ta amfana da shi. Muna roƙo a karanta shi a taron ƙungiya, direba da ma'aji suna zaune.

1. Mene ne aikin filta?

Kowa ya san yadda mata suke tace gasara da mataci kafin su dama koko. Ruwan gasara ya wuce, dusa ta tsaya. Haka filta take yi. Tana zaune tsakanin tanki da inji, kuma duk man da inji zai sha sai ya bi ta cikinta. A cikin gwangwaninta akwai wata takarda ta musamman da aka nannaɗe, mai ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Mai yana wucewa, amma ƙura da yashi da tsatsa suna maƙalewa.

Masana suna auna irin wannan datti da wani ma'auni da ake kira maikiron. Idan aka raba milimita ɗaya kashi 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne. Filtar tsofaffin injunan gas, wato dizal, tana tsai da datti mai girman maikiron 10 ko kusa da haka. Ta sababbin injuna kuwa tana tsai da wanda bai wuce maikiron 2 zuwa 5 ba. Ashe dattin da ke kashe inji ya fi ƙarfin ganin idonmu. Don haka kada mu ce, "Ai na duba man, garau yake."

Me ya sa inji yake gudun datti haka? A injin gas akwai famfo mai tura mai da ƙarfi ƙwarai zuwa cikin nozul, su kuma nozul su fesa shi kamar hazo. An gyara ƙarafan cikin famfon nan sun dace da juna daidai, man gas ɗin ne kuma yake sa su santsi. Idan yashi ya shiga sai ya riƙa cin su kamar yadda dutsen wasa yake cin wuƙa. A sababbin motocin gas matsin man ya fi na iskar cikin tayar mota sau 700 ko fiye, saboda haka ɗan datti kaɗan ya isa ya yi ɓarna. A injin fetur kuwa datti yana toshe ƙananan ramukan kafireta ko injekta.

Ruwa ma abokin gaba ne. Yana sa ƙarfe tsatsa, kuma ba ya sa santsi kamar mai. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, lita ɗaya ta gas kuwa ba ta wuce giram 850 ba, shi ya sa ruwa yake kwanciya a ƙasa. Domin wannan ne masu ƙera tarakta suka sa wani ɗan kofi na gilas ko na ƙarfe a gindin filta, inda ruwa yake taruwa a zubar da shi.

Sai mu lura, filta iri uku ce a jikin inji: ta iska, ta baƙin mai, da ta man sha, wato fetur ko gas. Wani direba yakan ce an yi sabis, alhali baƙin mai da filtarsa kawai aka canja. Mu riƙa tambaya filla-filla.

2. Me ya sa filta take saurin toshewa a wajenmu?

Dalili na farko ƙura ce. Ƙasarmu jigawa ce. Damina gajeriya ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rani ne. Da hunturu iska tana kawo ƙura daga hamada, ta shiga ko'ina. Duk lokacin da aka buɗe murfin tanki, ko aka ajiye mazurari a ƙasa, ƙura ta sami ƙofa.

Dalili na biyu shi ne hanyar da mai yake bi kafin ya iso gare mu. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, ta Dangote a Legas kuma ta fara fitar da mai a 2024. Ko daga ina mai ya fito, kafin ya shiga tankinmu ya bi ta tankar mota, da rijiyar gidan mai, wani lokaci kuma da duro, da jarka, da kwalba. Kowane mazubi yana ƙara masa nasa datti.

Kongolam bakin iyaka take, a kan hanyar da ta tashi daga Daura ta shiga Nijar zuwa Matamaye da Damagaram. Zaman bakin iyaka yana da nasa sha'ani. A watan Agusta 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A watan Nuwamba na shekarar kuma Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. A irin wannan lokaci manomi ba shi da zaɓi, ko ya yi tafiya mai nisa da jarka, ko ya saya wurin 'yan bumburutu. Bayan an cire tallafin fetur a watan Mayu 2023 kuma mai ya yi tsada, har mutane da yawa suka koma sayen lita biyu ko uku a lokaci ɗaya, mota tana yawo kullum tanki kusan wayam.

Wannan ya kawo mu ga dalili na uku. Tankin da ba a cika ba cike yake da iska. Da rana iskar ta yi zafi, da dare ƙarfe ya yi sanyi, sai raɓa ta sauka a cikin tanki kamar yadda take sauka a kan ciyawa, musamman da damina. Ruwan ya kwanta a gindi ya kawo tsatsa. A tankin gas kuma wasu ƙwayoyin halitta suna yaɗuwa a inda ruwa da mai suka haɗu, su zama baƙar laka mai yauƙi wadda take toshe sabuwar filta cikin 'yan kwanaki.

Akwai abin da filta ba ta iya yi. Ba ta raba mai da abin da ya narke a cikinsa. A watan Fabrairu 2022 an shigo da fetur Nijeriya mai yawan sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, aka yi dogayen layuka a gidajen mai. Irin wannan, da gas ɗin da aka gauraya da kananzir, suna wuce filta kamar ba ta nan. Maganinsa shi ne mu san wurin wanda muke sayen mai.

3. Alamun filtar da ta toshe

Filta ba ta toshewa rana ɗaya. Sannu a hankali take yi, kuma inji yakan faɗa mana idan muna saurare. Ga alamun:

(a) Inji yana aiki lafiya idan ba kaya, amma da an ɗora masa nauyi sai ƙarfi ya ragu. Tarakta tana tafiya daidai a hanya, da garma ta shiga ƙasa sai ta fara nishi. Mota tana ƙin jan totur a hawa, ko sa'ad da za a wuce wata mota. Wannan ita ce babbar alama, gama a lokacin aiki mai nauyi ne inji yake bukatar mai da yawa, filtar da ta toshe kuwa kaɗan take bari ya wuce.

(b) Mota tana fizga, tana yi kamar za ta mutu sa'an nan ta farfaɗo.

(c) Inji ya mutu bayan ya yi aiki na ɗan lokaci. An huta minti goma ya tashi, can kuma ya sake mutuwa.

(d) Wuyar tashi da safe, ko da batir yana da ƙarfi.

(e) A motar fetur mai famfon lantarki a cikin tanki, famfon yana kuka fiye da yadda ya saba. Yana wahala ne wajen tura mai, in an bar shi haka zai ƙone.

(f) Wasu motocin gas, kamar Toyota Hilux, suna da fitila a gaban direba mai nuna ruwa ya taru a filta ko filta ta toshe. Idan ta kama, kada a rufe ta da takarda.

Amma mu yi hankali. Waɗannan alamu ba na filtar mai kaɗai ba ne. Filtar iska da ta cika da ƙura, ko fulogi da ya mutu, ko tiyo da ya tsage yana shan iska, ko ramin numfashi na murfin tanki da ya toshe, duk suna iya kawo irinsu. Ga wata 'yar dabara: filtar iska da ta toshe takan sa baƙin hayaƙi, filtar mai da ta toshe kuwa takan rage ƙarfi ba tare da baƙin hayaƙi ba. Ko yaya dai, a fara duba abu mai araha kafin a taɓa mai tsada. Kada a yarda a kwance famfon gas tun ba a duba filta ba.

4. To, yaushe za a canja?

Kada mu jira alamu. Rigakafi ya fi magani. Ga ƙa'idodi huɗu.

Ta farko, a bi littafin inji. Kowace mota da tarakta tana zuwa da littafi mai faɗin lokacin canji. Ga tarakta irin su Massey Ferguson da makamantanta, littattafai da yawa suna cewa bayan awa 400 zuwa 600 na aiki. Ga motoci masu filta a waje da tanki, yawanci tsakanin kilomita 20,000 da 40,000 ne. Wasu sababbin motocin fetur filtarsu tana cikin tanki tare da famfo, takan daɗe fiye da haka, canjinta kuma aikin makaniki ne.

Ta biyu, a rage lissafin littafi. An yi wannan lissafi ne domin mai tsabtatacce. Shawararmu ita ce, ƙungiyar da take shan mai daga duro ko jarka ta raba lissafin biyu. In littafi ya ce awa 500, a canja a 250. In ya ce kilomita 20,000, a canja a 10,000.

Bari mu yi lissafi. A ce tarakta tana aiki awa 8 a rana, kwana 6 a mako. Awa 48 ke nan. Cikin mako biyar da 'yan kwanaki ta cika awa 250. Ashe a lokacin huɗa kaɗai tana iya cinye filta guda. A ce kuma motar ƙungiya tana yin kilomita 800 a mako, tsakanin zuwa Kano da kasuwar Mai'aduwa da ƙauyuka. Cikin wata uku ta kai kilomita 10,000. Idan agogon awa ko na kilomita ya mutu, sai direba ya riƙa rubuta awannin aiki a littafi kowace yamma.

Ta uku, a bi lokacin shekara. Ko lissafi bai cika ba, a sa wa tarakta sabuwar filta a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan shuka. A sa wa mota kafin kaka, lokacin jigilar gero da wake da gyaɗa da riɗi. A duba injunan ban ruwa kafin a fara noman rani, kamar masu aiki a wajen madatsar Sabke. Ƙananan injunan fetur suna da 'yar rariya a bakin tanki da ɗan kofi a ƙarƙashin makunnin mai, waɗannan wankewa ake yi. Kada filtar takarda ta wuce shekara ɗaya a jikin inji, ko da injin a ajiye yake.

Ta huɗu, a canja nan da nan idan an sha mugun mai, ko an ga ruwa da yawa ko baƙar laka a kofi, ko an sayi tsohuwar mota wadda ba a san tarihinta ba. Idan sabuwar filta ta toshe cikin mako ɗaya ko biyu, laifin tanki ne. A sauke shi a wanke.

5. Yadda ake canjawa

1. A tsai da inji a fili mai iska, a bar shi ya huce. Ban da taba, ban da fitilar kwai, ban da wuta kusa. A cire wayar batir.
2. A goge jikin filta da kewayenta da tsumma mai tsabta kafin a kwance kome. In akwai makunnin mai a rufe shi.
3. A sa kwano a ƙasa ya tari man da zai zuba. A motar fetur mai injekta akwai matsi a cikin tiyo ko bayan an kashe inji, sai wanda ya san aikin ya sauke shi tukuna.
4. A kwance tsohuwar, a gwada lambarta da ta sabuwar. Kamanni ba ya isa, lamba ce shaida.
5. A sa sababbin robobin da suka zo da filta, a shafa musu ɗan mai. Filtar da ake murɗawa da hannu ake ɗaure ta, ba da sifana ba. Filtar da ke kan tiyo tana da kibiya, bakin kibiyar ya dubi inji.
6. A injin gas sai an fitar da iska. A sassauta ƙaramin noti na kan filta, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sa'an nan a ɗaure. Kada a yi ta murza sitata fiye da daƙiƙa 15 a jere, gama batir da sitata za su gaji.
7. A ta da inji, a duba ko akwai yoyo. Da ido ake dubawa. Kada a sa hannu kusa da bututun ƙarfe masu zuwa nozul inji yana aiki, domin man yana iya huda fata ya shiga nama. Wanda wannan ya same shi a kai shi asibiti nan take, ko da raunin ƙarami ne.
8. A rubuta kwanan wata da awa ko kilomita a jikin filta da fenti, a kuma rubuta a littafin ƙungiya.
9. Kada a zubar da tsohon mai kusa da rijiya ko inda dabbobi suke sha. Kada a bar wa yara tsohuwar filta.

6. Abubuwa uku da ba a yi

Ba a wanke filtar takarda a mayar. Dattin ya riga ya shiga cikin jikin takardar, wanki da busa iska kuwa suna yaga ta. Ba a huda filta da ƙusa, ko a cire ta a haɗa tiyo kai tsaye. Inji zai tashi, gaskiya ne, amma duk yashin da ke tanki ya sami hanya zuwa famfo. Ba a kuma zuƙo mai da baki. Idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana kawo ciwo mai tsanani.

A yi hankali da jabun filta. Akwai masu kyan fenti a waje amma takardar ciki kaɗan ce, ko ba a manne ta sosai ba. Araha ba ta ado. A saya wurin mai shagon da aka sani, a karɓi rasit, a kuma yanka tsohuwar da aka cire domin a ga irin dattin da ta tara da irin takardar da ke cikinta.

7. Yadda za mu sa filta ta daɗe

A cika tankin tarakta da yamma bayan an tashi aiki, domin kada raɓa ta sami wuri. Kowace safiya direba ya duba kofin ruwa, in ya ga ruwa ya zubar. A ajiye duro a inuwa, a kwance a kan katako, gefe ɗaya ya ɗan fi ƙasa domin datti ya taru can. Bayan an kawo duro a bar shi ya kwana ya wuni kafin a ɗiba, kuma kada bakin tiyo ya taɓa gindinsa. Kada a ajiye gas a mazubin da aka shafa wa tutiya, irin bokitin kwano, gama gas yana cin tutiya ya kai ta cikin nozul. Jarkar mai ta zama ta mai kaɗai, a rufe. Mazurari ya kasance mai rariya, a ajiye shi cikin leda. In ana shakkar mai, a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya natsu. Ruwa da datti za su nuna kansu a ƙasa.

8. Aikin ƙungiya

Kayan jama'a sukan lalace domin kowa yana zaton wani zai duba. Saboda haka ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai kula da littafin inji. Daga kuɗin da ake karɓa na huɗar kowace kadada ko na kowane buhu, ma'aji ya ware wani kashi domin gyara kafin a raba riba. A ajiye filta biyu a sito, ɗaya kuma a cikin mota tare da sifana. Ƙungiyoyin da injunansu iri ɗaya ne su haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya ya sayo da yawa a Kano ko Katsina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu tuna da abin da ke kan mizani. Idan famfon gas ya lalace, sai an kwance shi an kai birni wurin masu na'urar gwaji, kuɗin gyaran kuma ya ninka na filta sau da yawa. Hasarar da ta fi wannan ita ce ta lokaci. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, taraktar da ta kwanta mako biyu bayan ruwan farko ta jawo wa kowane ɗan ƙungiya makarar shuka, gonar da aka makara kuwa ita ce ruwa yake ɗaukewa ya bari ba ta nuna ba. Kada kuma ƙungiya ta tsauta wa direban da ya tsai da aiki awa ɗaya domin ya canja filta. Yabo ya cancanta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Injuna nawa ƙungiyarmu take da su, filta nawa ce kuma a jikin kowanne?
2. Yaushe aka canja filtar mai ta ƙarshe? A ina aka rubuta?
3. Daga ina muke sayen mai, a cikin me muke ajiye shi?
4. Awa nawa taraktarmu take yi a mako lokacin huɗa? Bisa lissafin sashe na 4, filta nawa muke bukata kafin damina?
5. Wa za mu ɗora wa riƙon littafin inji, nawa kuma za mu ware domin gyara?

Aikin wannan mako: Direba da mutum biyu daga cikin ƙungiya su je wurin inji da farar kwalba. Su zubo abin da ke cikin kofin ruwa, su kawo shi taro na gaba kowa ya gani, tare da lambar filtar da injin yake sha.